Abin da Ya Kai Ni Oran Taron Shahidan Cocin Aljeriya

Ni ɗan Damagaram ne, Musulmi, karatu ne ya kai ni Aljeriya. Gurbin da na samu yana Jami'ar Mouloud Mammeri a Tizi Ouzou, babban garin mutanen Kabili, kimanin kilomita 100 gabas da Alje, babban birnin ƙasar. A watan Disamban 2018 na bi ayarin Kiristocin garin zuwa Oran, inda Cocin Katolika ta ayyana mutanenta 19 da aka kashe a yaƙin basasar ƙasar a matsayin shahidai. 'Yan uwa da abokai sun sha tambayata me ya kai ni, kuma yaya aka yi har aka bar ni na shiga. Ga yadda abin ya gudana.

Ɗaliban Tizi Ouzou da yawa sun san ɗakin karatu na Fada-fadan da ake kira Pères Blancs. Ƙungiya ce ta masu mishan da Lavigerie, babban bishop na Alje, ya kafa a 1868, kuma farar jallabiya da farar alkyabba irin ta mutanen ƙasar da suke sawa ce ta ba su sunan. Na yi rajista a wurin kamar kowa: katin ɗalibi, hoto, da ɗan kuɗin shekara da bai taka kara ya karya ba. Kusan duk masu zuwa Musulmi ne, 'yan mata masu lulluɓi da marasa lulluɓi, samari masu gemu da marasa shi. Ban taɓa jin an yi wa wani zancen addini a teburin karatu ba. Abin da ya fara jan idona hotunan mutum huɗu ne a bango, tsofaffi uku da wani matashi, duk da kwanan wata ɗaya a ƙarƙashinsu: 27 ga Disamba 1994.

Wanda ya ba ni labarinsu wani dattijo ne Bakabile, Musulmi, da yakan shigo gidan gaisuwa da hantsi. Dda muke ce masa, yadda ake kiran babba a garin. Ya san su dukkansu. Jean Chevillard, mai shekara 69, shi ne mai rubuta wa mutane takardu: tsohon da ya ƙare ƙarfinsa a masana'antun Faransa kuma fanshonsa ya maƙale, ko matar da mijinta ya rasu ba ta san ofishin da za ta nufa ba, wurinsa suke zuwa. Alain Dieulangard, mai shekara 75, mutum ne mai yawan shiru da ibada, mai ziyarar tsofaffi da marasa lafiya. Charles Deckers ɗan Beljiyam ne da ya karɓi takardar zama ɗan Aljeriya, yana jin yaren Kabili, ya daɗe yana koyar da matasan yankin sana'a kafin a mayar da shi cocin Notre-Dame d'Afrique a Alje. Ƙaraminsu Christian Chessel, mai shekara 36, injiniyan gini ne kafin ya zama Fada, kuma shi ne ya ɗauko aikin gina wa ɗalibai ɗakin karatu. Bai ga kammaluwarsa ba.

Ranar 24 ga Disamba 1994 mutum huɗu na GIA, ƙungiyar 'yan bindiga masu yaƙar gwamnati da sunan Musulunci, suka kame jirgin Air France a filin jirgin Alje. Ranar 26 jami'an tsaron Faransa suka afka wa jirgin a Marseille suka kashe su huɗun. Washegari kafin azahar wasu mutane da kayan 'yan sanda suka shiga gidan Fada-fadan a Tizi Ouzou, suka kulle ma'aikatan gidan a ɗaki, suka harbe Fada huɗu a tsakar gida. Deckers ma ba a gidan yake zaune ba. Jiya-jiya ya cika shekara 70, ya tuƙo mota daga Alje da safiyar nan don ya taya Chevillard murnar ranar waliyyin da aka sa masa sunansa, ya iske ajali yana jiransa a ƙofa. GIA ta ɗauki alhakin kisan, ta ce ramuwa ce.

Dda ya nuna mini tsakar gidan da sandarsa. Ya ce ranar jana'iza 'yan kasuwa suka rufe shaguna, dubban mutane suka raka gawa makabartar Kiristoci, mata suna guɗa kamar yadda ake yi wa wanda ya mutu mutuwar daraja. Wannan a lokacin da fitowa jana'izar bature kaɗai na iya sa a rubuta sunanka. Tun a ƙarshen 1993 GIA ta ba baƙi wa'adi su bar ƙasar. Fada-fadan sun san da wa'adin, shugabanninsu sun ba kowa zaɓi, suka zauna. Na tambaye shi: "Dda, me ya hana su tafiya?" Ya ce: "Ɗana, mu ina za mu tafi? Sun ce tare muka ci daɗi, tare za mu sha wuya."

Labarin ya taɓa ni ne saboda na san irinsa a gida. Ranar Juma'a 16 ga Janairu 2015, bayan an sauko daga masallaci, zanga-zangar nuna fushi kan zanen ɓatancin jaridar Charlie Hebdo ta rikiɗe a Zinder, wato Damagaram ɗinmu. Aka ƙone cibiyar al'adun Faransa, aka ƙone coci-coci da makarantar mishan, washegari wutar ta kama Yamai, aka rasa rai 10 a garuruwan biyu. Zafin taɓa mutuncin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, duk mun ji shi har ƙashi, ba na ɓoye wannan. Amma telan unguwarmu, Kirista da ya zo daga ƙasashen gaɓar teku, bai san ma inda ake buga jaridar ba, kuma shi da matarsa da 'ya'yansa a ɗakin mahaifiyata suka kwana a ɓoye. Haka Fada huɗun nan ba su san hawa ba, ba su san sauka ba a zancen jirgin Marseille. Mai laifi yana nesa, sai a huce a kan wanda hannu ya kai gare shi.

A watan Janairun 2018 Paparoma Francis ya sa hannu a takardar amincewa da shahadar mutum 19 ɗin, daga baya aka sanar cewa a Oran za a yi taron, ranar 8 ga Disamba. Wani matashin Fada ɗan Afirka ta Yamma da ke kula da ɗaliban ƙasashenmu ya ce mini akwai gurbi a motar Tizi Ouzou, kuma suna son Musulmin da ke hulɗa da gidan su zo. Kafin in amsa sai da na nemi ya fayyace mini abin da za a yi, don ba na son in je abin da ban san kansa ba.

Bayanin da ya yi mini ya ba ni mamaki. Ashe ba taro ake yi a ce wane shahidi ne a watse ba. An buɗe bincike a Alje tun a watan Oktoban 2007, aka kafa kwamiti mai kama da kotu, aka riƙa kiran shaidu ɗaya bayan ɗaya suna rantsuwa, cikinsu har da Musulmi maƙwabta da abokan aiki. Aka tattara wasiƙun mamatan, littattafan da suke rubuta sirrin zuciyarsu, wa'azozinsu, rahotannin mutuwarsu. Aka ɗaure takardun aka buga hatimi aka aika Roma. Can wani mai gabatar da ƙara, Fada Thomas Georgeon, ya tsara su cikin kundi guda, masana tarihi da malaman tauhidinsu suka tantance, manyan limaman fadar suka kaɗa ƙuri'a, sannan aka kai wa Paparoma. Abu biyu ake nema a tabbatar: cewa ƙin addininsu ne ya sa aka kashe su, da cewa sun karɓi abin da ya same su ba tare da sun je neman mutuwa da kansu ba. Wanda aka tabbatar wa shahada ba a neman wata karama daga gare shi kafin a kira shi Mai Albarka, wanda shi ne matakin da ke ƙasa da waliyyi a wurinsu. Sai in za a ɗaga shi zuwa waliyyi ne ake neman karamar. Fiye da shekara 10 aka yi ana wannan aiki a kan mutum 19.

Ya kuma gaya mini damuwar bishop-bishop ɗin ƙasar, wadda suka bayyana a fili tun farko: kada taron ya zama nuna yatsa, a ce ga Kiristoci nagari da Musulmi suka kashe. Yaƙin da ya ɓarke bayan soke zaɓe a Janairun 1992 ya ci rayuka tsakanin 100,000 da 200,000 bisa ƙiyasin da ake yi, kuma kusan dukkansu Musulmi ne.

Mataki na gaba shi ne gida. Na kira mahaifina da dare bayan isha'i. Na ce: "Baba, akwai wata tafiya da nake neman izininka." Ya saurara har na gama bai katse ni ba. Ya ce: "Ibada za ka je yi ko gaisuwar mutuwa?" Na ce gaisuwa. Ya ce in nemi malami in ji iyakar da zan tsaya, in malami ya ba ni hanya shi ma ya ba ni. Limamin masallacin da muke salla kusa da gidan kwanan ɗalibai na samu. Na ce: "Allah gafarta Malam, ga abin da ke tafe da ni." Ya karanto mini aya ta 8 a Suratul Mumtahana, wadda ba ta hana kyautatawa da adalci ga waɗanda ba su yaƙe mu ba, ya tuna mini hadisin da ke cikin Buhari cewa wanda ya kashe wanda aka ba amana ba zai ji ƙanshin Aljanna ba. Sannan ya gindaya mini iyaka dalla-dalla: in tsaya in an tsaya don girmama mamaci, kada in furta kalmomin aƙidarsu, kada in karɓi gurasar da suke rabawa, kada kuma sallata ta wuce lokacinta. Da zan tashi ya riƙe hannuna ya ce malaminsa na Alƙur'ani yana cikin limaman da aka kashe a waɗancan shekaru.

Sauran aikin na takardu ne. Aka karɓi kofin fasfona da na katin zama, aka aika sunayenmu Oran tun da sauran makonni, domin wurin ba ya ɗaukar jama'a da yawa kuma hukuma ce ke riƙe da tsaro. Wanda ba shi da katin rataya wa wuya ba ya hawa dutsen. Nawa ya fito da sunana da sunan garin da na fito.

Mun tashi da asuba ranar Juma'a 7 ga wata, ana sanyin da ke shiga ƙashi, ƙanƙara ta rufe kan duwatsun Djurdjura. A motar akwai ɗalibai Kiristoci daga Burkina da Burundi da Uganda, da tsofaffin mata 'yan Kabili, da Dda da bargonsa. Muka ratsa gefen Alje muka hau babbar hanyar gabas zuwa yamma. Da muka wuce Blida, Fada ya nuna mana hanyar da ta yi kudu zuwa Médéa, inda gidan ibadar Tibhirine yake. Daga can aka sace masu zuhudu bakwai, waɗanda ke cikin 19 ɗin, a daren 26 ga Maris 1996, aka tsinci kawunansu a ƙarshen Mayu. Dda kuma ya nuna wancan ɓangaren ya ce a Blida ɗin nan aka sace Sheikh Mohamed Bouslimani a ƙarshen 1993, aka yanka shi saboda ya ƙi ba da fatawar halatta jinin mutane. Direba ya tsaya mana a hanya, mu Musulmin motar muka yi salla, sauran suka jira mu ba wanda ya ƙosa.

Da daddare aka yi zaman tunawa a babban cocin Oran, inda kabarin Bishop Pierre Claverie yake. Shi ne na ƙarshe cikin 19 ɗin. Bam aka dasa masa a ƙofar gidansa ranar 1 ga Agusta 1996, ya tashi da shi da saurayin da ya ɗauko shi daga filin jirgi, Mohamed Bouchikhi, Musulmi ɗan shekara 21 daga Sidi Bel Abbès. Mahaifiyar Mohamed tana wurin a daren, ƙanwar bishop ɗin ma tana nan. Na ga lokacin da matan biyu suka rungumi juna. Ina can baya a tsaye jikin ginshiƙi, ban san sanda hawaye ya zubo mini ba, don kamannin tsohuwar da yadda ta ja mayafinta sak irin na iyayenmu mata. An kawo kuma wani tsoho tukuf da ke tafiya da ƙyar, Jean-Pierre Schumacher, wanda ya rage cikin biyun da suka tsira a Tibhirine. Ya haura shekara 90 a lokacin, daga Maroko aka zo da shi.

Da safiyar Asabar, kafin a yi komai a coci, aka fara da babban masallacin Ibn Badis. Wakilin Paparoma, Kardinal Angelo Becciu, da iyalan mamatan suka je can, ministan harkokin addini Mohamed Aïssa da limamai suka tarbe su, aka karrama limamai 114 da aka kashe a shekarun yaƙin saboda sun ƙi sa wa ta'addanci albarka. Wannan adadi ya tsaya mini a rai. Wasu a kan mumbari aka same su, wasu a hanyar sallar asuba. Hannun da ya harbe Fada huɗu a Tizi Ouzou shi ne ya kashe waɗannan, kuma da sunan addini ɗaya ya yi duka biyun.

Daga nan motoci suka kwashe mu zuwa Santa Cruz, cocin da ke kan dutsen Murdjadjo, wanda aka fara ginawa bayan annobar kwalara ta 1849. Hanyar a murɗe take, jami'an tsaro a kowace kwana, ana duba kati kafin a wuce. Daga sama kana ganin garin Oran da tashar jiragen ruwa da teku shimfiɗe. Mutanen da suka taru sun haura dubu. Limamai da rawunansu da alkyabbunsu suna zaune a sahun gaba. Da aka buɗe taro sai aka yi shiru na minti ɗaya domin dukkan 'yan Aljeriya da yaƙin ya ci, ba 19 ɗin kaɗai ba. Sannan aka karanta sunayen ɗaya bayan ɗaya, maza 13 da mata 6, tun daga Henri Vergès da Sista Paul-Hélène da aka harbe a ɗakin karatun da suke yi wa yaran unguwar Kasba hidima ranar 8 ga Mayu 1994. Kardinal ya karanta takardar Paparoma da Latin. Da aka warware ƙyallen da ke ɗauke da sunayen sai guɗa ta tashi daga ɓangaren mata. Da aka zo kan sunayen Tizi Ouzou, Dda ya damƙe hannuna da ƙarfin da ban zaci yana da shi ba.

Na kiyaye iyakar da Malam ya ba ni. Da suka tashi karɓar gurasa na zauna a kujerata, haka sauran Musulmi, ba wanda ya kalle mu. Akwai wurin da suke juyawa su gaisa da na kusa da su da kalmar salama, a nan ne bishop-bishop suka sauko suka rungumi limamai, jama'a suka ɗauki tafi. Mawaƙan cocin yawancinsu ɗalibai ne baƙaƙen fata irina. Wannan ne karo na farko da aka yi irin wannan taro a Aljeriya, kuma gidan talabijin na ƙasar ya nuna shi kai tsaye. Da aka tashi na nemi gefe na yi sallata, wani ɗan sanda ya nuna mini alƙibla.

A hanyar komawa abin da ya riƙa yi mini yawo a kai shi ne kundin nan na Roma. Mutanen nan sun bi sawun kowane mamaci nasu: ina aka haife shi, me ya rubuta wa 'yar uwarsa mako biyu kafin a kashe shi, wa ya gan shi a safiyar ƙarshe. Ba na ƙyashin hakan, ina ganin haƙƙin mamaci ne a kan masu rai. Amma mu fa? An harbe Sheikh Ja'afar Mahmud Adam yana limancin sallar asuba a Ɗorayi, Kano, ranar 13 ga Afrilu 2007. An kashe Sheikh Albani Zariya da matarsa da ɗansa ranar 1 ga Fabrairu 2014. Waɗannan sanannu ne, karatunsu na nan a wayoyin mutane. Limaman ƙauyukan Diffa da Borno da aka yanka saboda sun ƙi mubaya'a, da ladanai, da malaman allo, da fastocin ƙauye da aka kashe tare da su, akasarinsu sai dai a ce "mutum kaza suka mutu" a labaran rediyo. Shaidun da suka gani da idonsu suna tsufa, wasu suna sansanin gudun hijira, ba wanda ya zauna da su da alƙalami.

Da na koma Damagaram hutun ƙarshen shekarar karatu na zayyana wa mahaifina komai, na nuna masa katin da hotunan da na ɗauka. Ya daɗe yana kallon hoton limaman da ke sahun gaba. Ya tambaye ni ko an karanta sunayen limamai 114 ɗin kamar yadda aka karanta na Fada-fadan, na ce adadinsu na ji an ambata. Ya ce to, mu fara da abin da ke gabanmu. Washegari da la'asar ya aika a kira telan unguwarmu, aka shimfiɗa tabarma a zaure, mahaifiyata ta aiko da fura. Baba ya ce masa: "Maƙwabci, yaron nan zai rubuta abin da ya faru ranar Juma'ar nan, daga bakinka, in ka yarda." Telan ya yi jim, ya ce ba wanda ya taɓa tambayarsa. Ya fara daga lokacin da ya jiyo hayaniya daga wajen kasuwa ya rufe shago, ina rubutawa, Baba yana gyara masa sunayen unguwanni da na mutanen da suka tare ƙofar layinmu. Muka yi har aka kira magariba ba mu kai rabi ba, muka sa ranar ci gaba, kuma ya ce zai zo da matarsa don ita ta fi shi riƙe abin da ya faru da daren.